BAYAN BUGUN ZUCIYA: ƘWAYAR DA MUTANENMU KE AJIYEWA

Kwanan baya na je dubiya wurin wani dattijo ɗan'uwanmu mai harkar shanu a nan Ikko, wanda ya shekara fiye da talatin a Kurmi. Wata takwas ke nan da ciwon ƙirji ya kayar da shi ana tsakiyar ciniki, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likitoci suka ce bugun zuciya ne. Suka zura masa wata siririyar waya ta jijiyar hannu har zuwa zuciya, suka buɗe hanyar jinin da ta toshe, suka bar wata 'yar raga ta ƙarfe a wurin don kada ta sake rufewa. Kuɗin aikin sai da abokan sana'a suka yi karo-karo, aka kuma sayar da gona a gida. Allah Ya tashi kafaɗunsa, na same shi a kan buzu yana ta raha da baƙi.

Da muka keɓe sai na ce, "Alhaji, ina maganin da aka ce ka riƙa sha kullum?"

Ya ce, "Haba Malam, ai an gyara wurin. Na sha na wata uku. Da na je gida Sallah ya ƙare, na dawo na tarar kuɗinsa ya tashi. Mutum lafiyarsa lau, don me zai yi ta haɗiyar ƙwaya kamar kaza da tsaba?"

Wannan amsa ta Alhaji ita ce dalilin wannan sharhi, domin ba shi kaɗai ba ne. Ko wace unguwa tamu ka shiga, Agege ko Idi-Araba ko Obalende, Sabo ta Badun ko ta Shagamu, za ka sami mai irin labarinsa. An kashe miliyoyi an ceci ran mutum, sa'an nan an bar ƙwayar da za ta tsare ran saboda 'yan dubbai.

A shekarun 1960 da 1970 likitocin ƙasar nan sukan rubuta cewa toshewar jijiyoyin zuciya cuta ce da wuya a gan ta a jikin baƙar fata. Yau zancen ya sake. Har yanzu dai hawan jini shi ne babban mai kashe mu ta wajen zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma bugun zuciya ya zama abin da asibitocin koyarwa na Ikko da Badun ke gani a kai a kai. Zaman birni ya kawo zama wuri ɗaya daga safe har dare, da taba sigari, da ƙiba, da ciwon sukari, da cin soye-soye a bakin titi ga wanda iyalinsa ke Arewa. Wani babban bincike da aka buga a 2004, wanda ya haɗa ƙasashe 52 har da na Afirka, ya nuna abubuwa tara ne ke da alhakin kimanin kashi 90 cikin 100 na bugun zuciya ko'ina a duniya, kuma manyan cikinsu su ne kitsen jini da shan taba. Watau ba cutar Turawa ba ce, cutar irin zaman da ake yi ne.

MARURU A BANGON JIJIYA

Inda Alhaji ya yi kuskure shi ne a wajen fahimtar abin da ya same shi. Shi a ganinsa jijiya kamar kwata ce, shara ta taru ta toshe ta, an zo an yashe, shi ke nan ruwa ya wuce. Ba haka abin yake ba.

A cikin jinin kowa akwai wani maiƙo da likitoci ke kira kolestarol. Ba guba ba ne, jiki na bukatarsa, kuma mafi yawansa hanta ce ke yin sa, ba daga abinci yake zuwa ba. Shi ya sa za ka ga mutum siriri kamar sanda amma nasa ya yi yawa, wani ma gado ya yi. Akwai wani kaso nasa da ake rubutawa LDL a takardar awon jini, shi ne mai ɓarna. Idan ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya, ƙarƙashin fatar ciki, shekara da shekaru, yana taruwa kamar mugunya a cikin maruru, wata siririyar fata ta rufe shi. Mutum ba ya jin komai. Ranar da fatar nan ta tsage, sai jini ya daskare a wurin ya yi guda cikin 'yan mintoci, hanya ta rufe ruf, naman zuciyar da ke shan jini daga wannan jijiya ya fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya. Sau da yawa ma marurun da ya fashe bai kai ya tare rabin hanya ba kafin ranar, shi ya sa ake cewa ai jiya muna tare da shi lafiyarsa ƙalau.

To, ragar ƙarfen da aka sa wa Alhaji wuri ɗaya ta gyara, wurin da bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Alhali kuwa manyan jijiyoyi uku ne ke shayar da zuciya, ban da waɗanda ke zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da ƙafafu, kuma kitsen da ya shekara ashirin yana taruwa ba wuri guda ya zaɓa ba. Wanda maruru ɗaya ya fashe masa, ko shakka babu yana da waɗansu suna jiran rana. Shekarar farko bayan bugun farko ita ce mafi hatsari. Aikin ƙwayar shi ne ta bi waɗannan da wayar likita ba ta taɓa ba.

Asalin maganin wani masanin Japan ne, Akira Endo, ya gano shi a 1973 daga wata irin funfuna, bayan ya gwada dubbai. Ya rasu a 2024 yana da shekara 90. Irin wannan magani ana ce masa sitatin, kuma sunayen da za ka gani a jikin kwali su ne simvastatin da atorvastatin da rosuvastatin. Abin da yake yi shi ne ya rage wa hanta yin kolestarol, ita kuwa sai ta koma tana janyo wanda ke yawo cikin jini. An fara sayar da na farko a Amurka a 1987, amma likitoci da yawa ba su gamsu ba sai a 1994, sa'ad da aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan mutum 4,444 masu ciwon zuciya. An raba su biyu, rabi na shan simvastatin, rabi na shan ƙwayar da ba kome a cikinta. Bayan shekara biyar da 'yan watanni, mutum 256 suka mutu cikin masu shan ƙwayar banza, 182 cikin masu shan magani. Watau mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin 100. Tun daga ranar aka daina gardama.

Abin da ya biyo baya shi ne tambayar ko wane mataki za a kai. A 2004 aka gwada mutum 4,162 da ba su daɗe da kwanciya asibiti kan zuciya ba, aka ga waɗanda aka ba magani mai ƙarfi, atorvastatin miligiram 80, sun fi waɗanda aka ba mai sauƙi tsira daga sake kamuwa. A 2015 aka ga ƙara wata ƙwaya mai suna ezetimibe, wadda ke hana hanji tsotsar kolestarol, ya ƙara rage hatsarin kaɗan. Masanan Jami'ar Okusfod ta Ingila da abokan aikinsu da suka tattara gwaje-gwaje masu yawa sun fitar da lissafi mai sauƙi: duk maki ɗaya da aka rage na LDL a ma'aunin milimol, hatsarin bugun zuciya da shanyewar jiki na raguwa da kimanin kashi 22 cikin 100. Saboda haka a 2019 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ce wanda ya taɓa samun bugun zuciya a kai LDL nasa ƙasa da 1.4, a kuma tabbata ya ragu da rabi. Waɗansu ɗakunan awo namu da ɗaya ma'aunin suke aiki, a can adadin 55 ne. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi biyu.

Akwai wani gwaji da nake so mu tsaya a kansa, domin shi ne ya leƙa cikin jijiyar kanta ya ga abin da ke faruwa. Likitocin birnin Bern na ƙasar Suwizalan, a ƙarƙashin Farfesa Lorenz Räber, tare da waɗansu asibitocin Turai, sun ɗauki mutum 300 da bugun zuciya ya kwantar. Bayan an buɗe jijiyar da ta toshe, sai suka zura 'yan na'urorin ɗaukar hoto cikin sauran jijiyoyi biyun da ba su toshe ba, suka auna kitsen da ke bango da kaurin fatar da ta rufe shi. Kowa aka ba shi rosuvastatin miligiram 20. Rabi kuma aka ƙara musu da wata sabuwar allura mai suna alirocumab duk mako biyu, ɗaya rabin allurar da ba magani a ciki. Bayan mako 52 aka sake leƙawa, aka buga sakamako a 2022. Masu allurar gaske LDL nasu ya sauka zuwa wajen 24, na sauran wajen 74. Tarin kitsen ya ragu da maki 2.1 cikin 100 ga masu allura, 0.9 ga masu ƙwaya kaɗai. Fatar da ke rufe marurun kuwa ta yi kauri a duka ɓangarorin, amma ƙarin da masu allura suka samu ya kusa ninka na sauran.

Wani zai ce maki biyu cikin ɗari ai ba wani abu ba ne. Gaskiya ne, jijiya ba ta komawa sabuwa, duk wanda ya ce maka yana da maganin wanke jijiya tas cikin mako biyu, a kwalba ko a ƙullin leda, kuɗinka yake so. Amma ba girman maruru ke kisa ba, fashewarsa ce. Idan mugunyar ta tsotse, fatar ta yi kauri, ya zama tabo mai tauri da zai iya zama nan har mutum ya tsufa. Mutum 300 sun yi kaɗan a ƙidaya mutuwa da su, amma wani gwajin na 2018 a kan mutum kusan 19,000 ya nuna allurar ta rage sake kamuwa daga kashi 11.1 zuwa 9.5 cikin 100 a cikin kusan shekara uku.

A ganina darasin wannan gwaji a gare mu ba allurar ba ce. Da ta fito a Amurka a 2015 kuɗinta na shekara wajen dala 14,000 ne, daga baya aka rage zuwa 5,850. Idan ka buga a canjin naira 1,500 ya haura naira miliyan takwas da rabi, watau albashin fiye da shekara goma na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Mai turin baro a Mile 12 ba da shi ake wannan zance ba, kai, har manyan dillalai kaɗan ne za su jure. Darasinmu yana ɗaya ɓangaren: waɗanda ƙwaya kaɗai suka sha, su ma kitsensu ya ragu, fatar ta yi kauri. Ƙwayar nan kuwa tsohuwa ce, ikon mallakar atorvastatin ya ƙare a Amurka tun 2011, kamfanoni barkatai ke yin ta, kuma irin wannan magani yana cikin jerin magunguna na dole na Hukumar Lafiya ta Duniya.

INA GIZO KE SAƘAR?

Amma fa arahar ba ta isa hannun talaka ba. A 2011 wani bincike na ƙasashe 17 da Farfesa Salim Yusuf na Kanada ya jagoranta ya duba mutanen da suka taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki. A ƙasashe masu arziki biyu cikin uku na shan sitatin. A matalautan ƙasashe uku ne da ɗoriya cikin ɗari, kuma takwas cikin goma ba sa shan ko ɗaya daga magungunan kariya. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ƙidaya, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin kantin magani ya ga mutum ya miƙa takarda, an gaya masa kuɗi, ya ce a cire biyu a bar masa ɗaya, ya san inda muka faɗa. Wanda ake cirewa kuwa kullum shi ne wanda ba a jin aikinsa a jiki.

Tun da Gwamnatin Tarayya ta saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma mafi yawan magungunanmu ko kayan haɗa su daga Indiya da Sin ake shigo da su. A Agustan 2023 kamfanin GSK ya ba da sanarwar daina sayar da kayansa da kansa a ƙasar nan, Sanofi ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗauke kuɗin fito da haraji na shekara biyu daga injuna da kayan haɗa magunguna. Mataki ne mai kyau, amma masu masana'anta ya fara taimaka wa, kuma tsakanin tashar Apapa da aljihun majinyaci akwai hannaye da yawa. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, maganin da za a sha har ƙarshen rai yana gasa ne da kuɗin haya da na makaranta da abin da ake aikawa gida. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi don lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba.

Idan magani ya yi tsada sai mutum ya nemi mai araha, a nan kuma wani ramin yake. A Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota a nan Ikko, da na bakin gada a Anaca, da na Ariyariya a Aba, ta kwashe manyan motoci cike da jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Jabun maganin ciwon kai ka gane shi kafin la'asar, domin kan bai daina ba. Jabun sitatin ba ya nuna alama, sai dai ranar da aka kwashe ka. Hanya ɗaya ce ta ganewa, awon jini. Dole kuma in faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba: cikin masu yawo da magani a tire ƙarƙashin rana akwai 'yan'uwanmu da dama. Neman halaliya suke yi, amma maganin zuciya ba a wurinsu ake saye ba.

Sai kuma tsoro. An cika cewa ƙwayar na kawo ciwon jiki, tana lalata hanta. Ciwon nama yana faruwa ga waɗansu, amma a 2020 likitocin London suka ɗauki mutum 60 da suka daina sha saboda wannan kuka, suka riƙa ba su wata guda ƙwayar gaske, wata guda ta banza, ba su san wacce ce ba. Kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da ta gaske, sun ji shi da ta banza. Rabinsu suka koma shan maganinsu. Mai dako da mai sassabe nama da mai kabu-kabu a kan titunan Ikko ba sa rasa ciwon jiki ko da ba su sha kome ba. Wanda ya ji ciwo ya koma wa likita, ana sauya iri ko a rage ƙarfi. Idan ciwon naman ya yi tsanani, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, wannan a garzaya asibiti ran nan, ko da yake da wuya ya faru. Maganin yakan ɗan ɗaga sukarin jini ga mai shirin kamuwa, amma ribarsa ga wanda ya taɓa bugun zuciya ta rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa likita tukuna. Azumi kuwa ba hujja ba ne, sau ɗaya ake sha a yini, bayan buɗe baki ya wadatar.

Ban ce abinci ba ruwansa ba. Man shanu da kitsen nama da manja da yawa suna ɗaga LDL, man da aka soya ƙosai da shi aka maimaita har ya yi baƙi ya fi su sharri. Wake da kifi da ganye da man gyaɗa sun fi, kuma barin taba ya fi kowace ƙwaya araha. Amma tun da hanta ce ke yin mafi yawan kitsen, ƙauracewa tsire kaɗai ba za ta sauko da mutum zuwa 55 ba.

Me ya kamata a yi? Gwamnati na da wata dama da ba ta bukatar dala da yawa. A 2022 likitan nan ɗan Sifen, Valentin Fuster, ya bayyana gwajin mutum 2,499 da suka haura shekara 65 kuma suka taɓa bugun zuciya, inda aka haɗa asfirin da maganin hawan jini da atorvastatin cikin ƙwaya ɗaya. Masu shan ƙwaya ɗayar sun fi dagewa a kai, sake kamuwa ya ragu da kashi 24 cikin 100, mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 33. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan haɗi cikin jerinta. Idan muna da kamfanonin da aka ɗauke wa haraji, me zai hana a ce su yi mana wannan, gwamnati ta saya da yawa ta ajiye a ƙananan asibitoci? Ƙwaya ɗaya ba a cewa a cire biyu a bar ɗaya.

Mu ma muna da namu. Dokar inshorar lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta wa kowa shiga, kuma Jihar Ikko na da nata shirin, Ilera Eko, wanda aka yi don mazauna jihar, ba 'yan asali kaɗai ba. Mutanenmu kaɗan ne suka shiga, waɗansu don rashin sani, waɗansu don suna ganin zaman nasu na wucin gadi ne, ga shi kuwa sun aurar da jikoki a nan. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da fadojin Sarakunan Hausawa sun iya tara kuɗi cikin yini ɗaya idan za a kai gawa gida ko za a biya aikin asibiti. Su ne ya kamata su je su zauna da hukumar inshora, su tambaya dalla-dalla ko maganin kitsen jini da awonsa na cikin abin da ake biya, su yi wa 'ya'yansu rajista a dunƙule. Su kuma nemi a sami mai jin Hausa a ɗakunan duba masu ciwon zuciya, musamman a asibitin koyarwa da ke maƙwabtaka da mu a Idi-Araba, domin rabin matsalar Alhaji ita ce an yi masa bayani da Turanci ranar sallama, yana ta gyaɗa kai don kunya, bai ji an ce har ƙarshen rai ba.

Ƙa'ida ita ce a auna jini mako huɗu zuwa shida bayan fara magani, a ga ko an kai 1.4 ko 55, in ba a kai ba a ƙara ƙarfi ko a haɗa da ezetimibe. Alhaji ba a taɓa auna shi ba tun da ya bar asibiti. Mun yi da babban ɗansa zai kai shi ranar Litinin, da tsohon kwalin maganin da ya ƙare tun kafin Babbar Sallah, wanda ya lalubo mana daga aljihun wata babbar riga.